Kujera ta Arba'in da Biyu

4 ga Fabrairu

Zuwa ga jikar Yayana, Mai Magani,

Ga gaisuwa nan da ta daɗe a ajiye. Yaya aiki, yaya tsayuwa a bayan kantar magani? Yaya ƙafar kakanki, har yanzu yana rigima da sanda? Ni lafiyata lau, in aka cire kunnen da injinan maɗaba'a suka cinye tun kina rarrafe, shi ya sa waya ba ta yi mini amfanin komai. Da gangan na aiko wannan ta wurin aikinki. Kada ki kai ta gida.

Kin san katin da nake aika wa Yaya duk goma ga Mayu. Ba na jin ya taɓa gaya miki dalilinsa, don shi magana ma sai an roƙe shi. Ranar ce ya kai ni maɗaba'a neman aiki, lokacin da kowa a gida yake cewa ba zan iya ba. Aka ɗauke ni a sashen ninki da ɗinkin littattafai, sai ga teburin ya fi ƙarfin tsawona. Kafin mako ya cika ya haɗa mini kujera daidai ni, ya ɗauko ta a ka har cikin sashen, ma'aikata suna ta dariya. Shekara talatin da uku na yi a kanta. Da shekara ta zagayo na tsinci rarar takarda na ninka masa kati, in an buɗe sai 'yar kujera ta miƙe a tsakiya. Tun daga nan ban taɓa fashi ba. Na bana ne na arba'in da biyu.

To, na bana ba zan iya ba. Shekara uku ke nan hannuwana suna rawa, bana kuma abin ya ci tura. Shayi sai dai in zuba rabin kofi. Wasiƙar nan ma da yatsa ɗaya nake buga ta a tafireta. Jiya na gwada yanka takarda, wuƙa ta bi inda ta ga dama, na zauna na yi kukana na share.

Ba na so ya sani. Kin san halinsa, in ya ji zai ce sai ya hau mota ya yi tafiyar yini guda ya zo, da zuciyar nan tasa da likita ya ce a lallaɓa. Abin da nake roƙonki shi ne ki koyi ninkin, ki yi katin ki aiko mini, in buga masa lambar shekara da hatimina, in aika masa daga nan kamar kullum. Ba na rubuta komai a ciki dama, lambar ce kawai. Na saka miki wani tsoho da na ɓata a bara, ki warware shi ki ga cikinsa.

Goggon babanki.

15 ga Fabrairu

Goggo,

Gaisuwarki ta iso, na mayar miki da ninki biyu, tunda ninki ne sana'ar. Muna lafiya. Kaka yana shan maganinsa in na tsaya a kansa, sanda kuwa ya ce wanda ya fere ta bai san katako ba, don haka tana jingine a bayan ƙofa.

Maganar hannunki ta taɓa ni ƙwarai. Na karanta a lokacin hutun rana, na kasa cin abincin da na zo da shi. Wace ƙwaya likitan ya ba ki? Ki rubuto mini sunanta da yadda kike sha, wannan ɓangarena ne.

Zan yi katin. Amma gaskiya raina bai kwanta ba, don ban taɓa yi wa Kaka ƙarya ba, ko sukari na hana shi sai na gaya masa ni na ɓoye. Kuma ki sani ba kallon wasa yake yi wa katunan nan ba. Duk shekara in ya iso, sai ya kai shi bakin taga, ya ɗauko tsohon rulansa na ƙarfe ya auna ƙafafun kujerar ɗaya bayan ɗaya, sannan ya saka shi cikin akwatin da ya haɗa musu. Kafinta dai ba ya ritaya.

Da na ga samfurin na ce wannan ai aikin minti goma ne, ni da nake ninka ambulan magani ɗari biyu a yini. Ga sakamakon nan a ciki. Bayan katin ya tsage kamar leɓe, kujerar kuma ta miƙe ta sunkuya kamar tana neman wani abu a ƙasa. Abokiyar aikina ta tambaye ni ko akwatin gawa nake koyo. Ki yi dariya son ranki, amma ki gaya mini inda na kuskure.

Jikarki, Mai Magani.

27 ga Fabrairu

Mai Magani,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarku ke da tsohon naki. Sunan ƙwayar yana ƙasan takarda. Ta rage rawar kaɗan, ta ƙara mini barci da yawa.

Na yi dariya har maƙwabciyata ta leƙo. Ba ki kuskure a wuri ɗaya ba, 'yar nan, ko'ina kika kuskure, amma ni ma haka na fara.

Takarda tana da hanya, kamar yadda katako yake da ita. Kafin ki ninka, ki lanƙwasa ta a hankali ta nan, ki lanƙwasa ta can. Ɓangaren da ta bi ki ba gardama, nan ne hanyarta, nan za ki ninka. Ke kin ninka ta a gicciye, shi ya sa ta tsage miki. Kuma ba a ninka kati mai kauri haka kawai da yatsa. Sai an fara ja masa layi da abu marar kaifi a gefen rula, a danna ba a yanka ba, sannan a kwantar da shi a goge sau ɗaya. Sau ɗaya na ce. Na ga alamar kin yi ta gurza shi kamar wanki.

Kujerar kuwa, katin yana rufe za ki yi yanka biyu daga bakin ninkin, tsawonsu ɗaya, ko ƙwayar shinkafa kada ɗaya ya fi ɗaya. Ki ja layi tsakanin ƙarshensu, ki buɗe katin rabi, ki tura tsakiyar ciki da ɗan yatsa. Ƙafafu da majingina daga baya ake fitar da su da bakin wuƙa. In za ki manna bango, gam ɗin kaɗan, kada ya kusanci kujerar. Tunda kin ce yana aunawa, dole naki ya fita tsaf, kada rulan nan ya sami abin cewa.

Abin da ke naɗe a cikin ƙyalle ƙashin ninkina ne. Da shi za ki ja layi ki goge. Yaya ne ya fere mini shi daga ƙashin saniya a shekarata ta biyu, ya goge shi har ya yi santsi. Ban taɓa kwana ba tare da shi a ɗaki ba, ko asibiti da aka kwantar da ni yana cikin jakata. Na taɓa ce masa sai dai a raba shi a gado. Ki kula da shi, kuma ki ɓoye shi nesa da idonsa.

Goggo.

2 ga Afrilu

Goggo,

Ina fata kina lafiya. Mu dai lafiya, sai zafin gari.

Ban san yadda zan fara ba. Katin da na aiko miki makonni uku da suka wuce shi ne na goma sha ɗaya. Duk hutun rana a kansa nake ƙarewa, a kan teburin bayan kanta, tsakanin kwalayen magani, har shugabanmu ya ce ko zan buɗe shago ne. A gida kuma sai Kaka ya kwanta da rana ranar Lahadi nake fito da kayan. Na goma sha ɗayan nan na buɗe shi na rufe ya fi sau hamsin, kujerar tana miƙewa ba ko motsi. Na ɗauka za ki ce wani abu.

Sai ga ambulan ya dawo da katina a ciki, da farar takarda guda biyu, ba ko kalma ɗaya. Na zazzage shi, na leƙa ciki. Na fahimta, wato in sake daga farko, kuma aikin bai ma cancanci a yi masa magana ba. Na ji zafi, Goggo, ba zan ɓoye miki ba. Ni na yarda in yaudari mutumin da ya raine ni saboda ke, ko zagi ne ai kya rubuto. Tun ranar ban taɓa wuƙa ba. In kin fasa ne ki gaya mini, in mayar miki da ƙashinki.

Mai Magani.

12 ga Afrilu

'Yar nan, uwar saurin fushi,

Ina gaishe ki, ko kin amsa ko ba ki amsa ba. Yau jikin da sauƙi. Makonnin nan kuwa ban ji daɗinsu ba, likita ya canza ƙwayar, hannun ya ƙi har tafiretar. In na nufi harafi ɗaya sai in bugi uku. Na fara miki wasiƙa sau huɗu na yaga. Da na ga kwanaki suna tafiya sai na zuba abin da ke da muhimmanci a ambulan, maƙwabciya ta rubuta adireshi.

Ki je ki ɗaga takardun nan biyu a haske. Ba irin wadda kike gwaji da ita ba ce. Ranar da na bar aiki na sayi ƙunshin ƙarshe na irinta, kamfanin ma ya daina yi, da ita nake yi wa Yaya kati tun daga lokacin, kuma su biyun nan ne suka rage a duniyata. Ban taɓa bari kowa ya taɓa su ba. Na dawo miki da katinki ne don ki ajiye shi a gabanki ki yi irinsa sak. A wurinmu in babba ya miƙa wa mai koyo takarda mai kyau bai ce komai ba, to ya ci jarrabawa ke nan. Na manta ke ba a can kika tashi ba. Laifina ne, ki yafe.

Katinki ya yi kyau. Ya fi nawa na shekara goma da suka wuce, kuma na ji kishi kaɗan, na ji daɗi da yawa. Ki yi sauri, ina so ya iso ni kafin ƙarshen wata.

Goggonki.

14 ga Mayu

Goggo,

Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa. Ni lafiya, Kaka kuwa ba lafiya ba, kuma mu muka jawo.

Katin ya iso ranar tara ga wata da safe, da hatiminki da komai. Ya kai shi bakin taga, ya auna kamar kullum, ni ina daga kicin ina leƙe. Ya sake aunawa. Sai ya rufe shi ya ajiye a kan tebur, bai saka a akwati ba. Ranar bai ci abincin rana ba, washegari ma shayi kawai ya kurɓa. Na auna jininsa ya hau. Na tambaye shi, ya ce ba komai.

A rana ta uku na dawo daga aiki da la'asar na tarar ya jera katunan duka a kan teburin cin abinci, tun daga na ɗaya. A gefe kuma ga ƙashin ninkinki. Ashe almakashin farce ya je nema a durowata tun makon jiya ya gan shi, bai ce komai ba. Ya ce in zauna. Ya nuna mini na talatin da tara, ƙafa ɗaya ta gaza da kaurin farce. Na arba'in, layin ya ɗan yi ciki. Na arba'in da ɗaya, wuƙa ta zarce an toshe da gam. Ni da nake ganin katunan nan kullum ban taɓa lura ba. Ya ce shekara uku yana bin hannunki da rula, duk wanda ya iso a karkace sai ya gode wa Allah, don ya san ke kika yi. Sannan ya ɗaga nawa, ya dube ni.

"Wannan ba shi da aibu ko ɗaya. Ga ƙashinta a durowarki. Yaushe ta rasu?"

Goggo, nan take na ce masa kina raye. Na gaya masa komai, na kawo masa wasiƙunki daga wurin aiki. Ya juya su ya ce tafireta ai kowa yana iya bugawa. Na ce bari in kira maƙwabciyarki ta yi masa bayani, ya ce waɗanda suka iya haɗa baki su yi kati ba za su gaza haɗa baki su yi magana ba. Yana ganin saboda zuciyarsa muke ɓoye masa. Ya haɗa jaka, wai zai je ya ga kabarin da idonsa. Likita ya ce tafiyar nan ba za ta yiwu ba. Da kyar na samu ya yarda ya jira ƙarshen wata, ya ce in kina raye ki ninka masa naki.

Ga ƙashinki, ga takarda ɗaya da ta rage. Na san abin da nake roƙo yana da wuya. Ina jin kunyarsa, ina jin tsoro kuma, don ko yanzu yana zaune a bakin taga da jakar a gefensa.

Mai Magani.

22 ga Mayu

Mai Magani,

Gaisuwa gare ki, ki kuma daina ɗora wa kanki, dabarar tawa ce. Lafiyata yadda kika sani.

Shekara uku tsohon nan ya sani, ya bar ni ina ta ɓoye hannu a zane kamar ɓarauniya. Na yi fushi da shi yini guda, daga baya na rasa da wa zan yi.

Kwana huɗu na yi a kan katin. Wuƙa ta gagare ni, da almakashi na yanka, na danne takardar da dutsen guga don kada ta gudu. Layin farko ya kauce, ba ni da wata takardar, na bi shi a haka. Ɗigon da za ki gani a gefe shayi ne. Tun da nake ban taɓa barin aiki irin wannan ya fita daga hannuna ba, da a maɗaba'a ne kwandon shara zai tafi. Na buga masa lambar, ita ma hatimin ya goce ta bugu sau biyu.

Ki miƙa masa da hannunki. Ki ce masa ina nan, kuma ya warware jakar nan kafin in zo in warware masa.

Goggo.

30 ga Mayu

Goggo tawa,

Gaisuwa mai yawa, yau da farin ciki nake yin ta. Jinin Kaka ya sauka, jiya har ƙari ya nema a abincin rana.

Wasiƙarki ta iso ni da hantsi, na nemi izini na tafi gida a lokacin. Na same shi a inda na bar shi. Na miƙa masa katin. Ya buɗe, kujerar ta taso rabi ta tsaya, sai da ya tallafa mata da ɗan yatsa. Rulan yana aljihunsa, bai ciro shi ba. Ya bi ninkin da babban yatsa daga sama har ƙasa, ya tsaya a inda layin ya kauce, ya daɗe a wurin. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Da ya goge fuska sai ya ce ƙafar hagu ta gaza, kuma wa ya ce miki ana shan shayi kusa da aiki.

Na isar da saƙonki na jaka. Ya ce in warware ta, sannan in durƙusa in jawo abin da ke ƙarƙashin gadonsa. Wani faifan katako ne naɗe a tsohon zane, girman tire. Yana da maƙalli biyu da ke riƙe takarda, da sandar ƙarfe mai tsaga a tsakiya, inda wuƙa ko ƙashi zai bi ba zai iya kaucewa ba ko hannu yana rawa. A gefe har da ramin ajiye ƙashin, daidai girmansa, daga ka ya auna. Na gwada da hannun hagu ina girgiza shi da gangan, layin ya fita a miƙe.

Na tambaye shi yaushe ya yi wannan. Ya ce tun da na arba'in ya iso. Na ce to me ya hana shi aikawa shekara biyu. Ya ce kujera ke kika ce masa tebur ya yi miki tsawo, shi ya sa ya haɗa. Wannan kuwa ba ki ce ba, shi kuma ba zai zama wanda zai fara gaya miki hannunki ya gaza ba, jira yake ki faɗa. Na ce masa ku biyun nan sai Allah, ya ce in kula da bakina.

Katina kuwa, kada ki tambaya. Ya ninka shi huɗu ya cusa a ƙarƙashin ƙafar teburin kicin da ke rawa, ya ce takardar mai kyau ce, bai kamata a yi asararta ba. Naki yana kan taga a buɗe, ya jingina kujerar da ashana, ya ƙi saka shi a akwati.

Na karɓi hutun mako guda daga sha biyu ga wata, babana zai zauna da shi. Ni zan kawo miki faifan da kaina, in kuma ga likitan nan naki. Na fara neman takarda mai kama da taki, na sami iri uku, za ki zaɓa.

Ya ce in rubuta miki wannan yadda ya faɗa, kada in gyara. Kada ki yi masa godiya. Na arba'in da uku yake jira, kuma in ƙafa ta sake gazawa ki bar ta haka, ya san mai ita.

Jikarki, Mai Magani.